Jami'a ko Karatun Tsakar Ɗaki?

Iyayena, yayyena da ƙannena mata da ke cikin gidaje, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu. Uwargida, da fatan an sauke tukunya lafiya. Amarya, in kina tsakiyar shara, jingine tsintsiyar nan ki matso kusa da rediyo, domin maganar yau har da ke a ciki.

A makon jiya wasiƙa ta iso mana daga wata baiwar Allah. Ta roƙi kada a faɗi sunanta ko unguwarsu, to ba za mu faɗa ba. Ta ce shekararta 19 a ɗakin miji, an cire ta daga makaranta tana aji 3 na ƙaramar sakandare aka yi mata aure. Bana 'yarta ta fari ta gama sakandare, sakamako ya fito da kyau, yarinya kuma ta ƙwallafa rai a kan karatun jinya da ungozoma. Da aka kai magana gaban maigida, sai ya ce shi fa bai ga amfanin jami'a ba. Ga ƙanensa nan da digiri, shekara 6 ba aiki, adaidaita sahu yake ja. Ya ce yanzu duk ilimin duniya yana cikin waya, zai saya wa yarinyar babbar waya, ya riƙa sa mata data, ta zauna a gida ta karanci abin da ranta yake so, ba yajin aiki, ba cakuɗuwa da maza, ba kuɗin rajista. Ita kuma uwar, a ƙarshen wasiƙar, cikin 'yar kunya, ta ƙara da cewa ita ma kanta karatun nan bai fita daga ranta ba. Tambayarta ita ce: wanne ya fi, a bi tsarin jami'a, ko mutum ya koyar da kansa?

'Yar'uwa, kafin komai, kada mu yi saurin cewa Malam ya yi kuskure. Ruwa ba ya tsami banza. Ni na shiga jami'a na fito, kuma in na ce miki duk abin da ya faɗa ƙarya ne, na cuce ki.

Yajin aikin da ya ambata gaskiya ne. A 2020 malaman jami'o'in gwamnati sun yi kimanin wata 9 ba sa shiga aji. A 2022 sun sake tafiya, daga 14 ga Fabrairu har zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Yarinyar da aka yi wa lissafin shekara 4 sai ta wayi gari tana ta 6, mai neman aurenta ya gaji da jira, uba ya gaji da biya. Cunkoso ma gaskiya ne. Na zauna a ɗakin lacca inda wadda ke baya ba ta jin abin da malami ke cewa, sai dai ta ari littafin ta gaba ta kwafa, ita ma ta gaban rabin maganar ta kama. Akwai malamin da duk zangon karatu sau 3 muka ga fuskarsa, sauran kuwa takardunsa da ya buga muka saya, muka haddace, muka zuba masa a jarrabawa, bayan mako guda ko kalma ɗaya ba mu riƙe ba. Wannan karatu ne? Allah dai ya kyauta.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Wanda ya tsara jami'a, da saurayi da budurwa ya yi lissafi, waɗanda ba su da goyo, ba su da girki, ba su da uwar miji a kwance. Lacca ƙarfe 8 na safe ba ruwanta da cewa ɗanki ya kwana da zazzaɓi. A ajinmu akwai wata matar aure, ta fi yawancinmu ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, haihuwa ta zo mata a makon jarrabawa. Kwasa-kwasan da ta rasa suka biyo ta shekara ta gaba, suka haɗu da sababbi, kaya ya yi nauyi, daga ƙarshe ta ajiye. Har yau in na tuna ta sai raina ya sosu.

A ɗaya ɓangaren kuma, wa zai musa cewa mutum yana iya gina kansa a wajen jami'a? Ku dubi Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad. Tana wajen shekara 13 aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure. Amma ga shi ta zama ɗaya daga cikin manyan marubutan Hausa, littafinta Alhaki Kwikwiyo Ne har an fassara shi zuwa Turanci a ƙasar Indiya a 2012, masu digirori suna zaune suna nazarin rubutunta don su sami nasu digirin. Kuma ba sai mun je nesa ba. A unguwanninmu mata nawa ne suka koyi ɗinkin zamani, da yin kek, da zanen lalle, da haɗa turaren wuta ta hanyar kallon bidiyo a waya, suna daga cikin ɗaki, yau su ke biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta? Waɗannan ba wanda ya buga musu ƙararrawa. Son abin ne ya ja su.

To in haka ne, me ya sa ban ce wa wannan baiwar Allah ta karɓi wayar kawai a huta ba?

Ga dalilina. A 2012 wasu manyan jami'o'in Amurka guda 2, Harvard da MIT, suka fara zuba darussansu a intanet, kowa a duniya ya shiga ya karanta, kyauta. Miliyoyin mutane suka yi rajista. Aka yi ta cewa shi ke nan, jami'a mai gini ta gama yayi. Da masu bincike suka zo suka duba alƙaluman, suka buga sakamakon a 2019, sai aka tarar a zangon 2017 zuwa 2018, cikin kowane mutum 100 da suka shiga kwas, mutum 3 ne da 'yar ɗoriya suka kai ƙarshe. Na san wasu daga cikinsu leƙe kawai suka je yi, ba da niyyar gamawa ba. Amma duk da haka, 3 cikin 100 fa, uwargida! Kuma da yawansu masu ilimi ne tun asali, masu wuta da intanet dare da rana, ba masu jiran a kawo wuta su yi cajin waya ba.

Ba daƙiƙanci ne ya hana su ba. Abin da ya hana su shi ne abin da ya hana ni. Sau 3 ina fara koyon Faransanci a wayata. Makon farko kullum, mako na biyu jefi-jefi, mako na uku sai biki ya taso, shi ke nan an binne. Ba wanda ya tambaye ni ina aikin jiya, ba wanda zai ji kunyata in ban yi ba, ni ma ba wanda zan ji kunyarsa. Ita kuwa waya, ƙofar da karatu ke shigowa ta nan hira ke shigowa, ta nan fim ke shigowa, ta nan hotunan bikin 'yar wance ke shigowa. Ki buɗe da niyyar darasi, ki farga an kira La'asar kina kallon yadda ake ɗaura ɗankwali.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce, mai koyar da kanta abin da ya yi mata daɗi take zaɓa. A jami'a an tilasta mini wasu kwasa-kwasai da na tsana kamar me. Ɗaya na ƙididdiga ne, lissafi zalla, ni da na gudo daga lissafi. Ɗayan kuma na dokokin aikin jarida ne, yadda ake gane ɓata suna da abin da doka ta hana a faɗa a kan mutum. Da ni aka bar wa zaɓi, wallahi ko kallonsu ba zan yi ba, gaban makirfo kawai nake so. Yau kuwa su ne suka fi yi mini amfani. Na farkon ne ya sa in wani ya kawo mini alƙaluma nake tambayarsa wa ya ƙirga, mutum nawa aka ƙirga. Na biyun ne ya sa ban faɗi sunan mai wasiƙar nan ba, kuma ya sha hana bakina jawo mini shari'a. Wanda bai san hanya ba, ta ina zai san wane kwana ne bai kamata ya tsallake ba? Amfanin tsari ke nan: wani da ya riga ki bin hanyar ya jera miki ita, mai daɗi da mai ɗaci, ya ce sai kin bi duka.

Sai kuma mai gyara. Ku da kuke zuwa Islamiyya kun fi ni sanin wannan. Mace tana iya shekara tana sauraren ƙira'a a kaset ko a waya, tana bi, tana jin ta iya. Ranar da ta zauna gaban malama ta karanta, a layin farko za a tsayar da ita: wannan harafin ba daga nan yake fita ba. Kunnenta bai taɓa jin kuskuren ba, don bakinta ne ke yi. Akwai wata malamarmu a jami'a, in kika ba ta rubutu shafi 2, sai ya dawo miki jajir da jan biro kamar an yanka kaza a kai. Mun sha kuka a kanta, mun sha zaginta a ɗakin kwana, Allah ya yafe mana. Amma duk abin da na iya na rubutu, daga jan biron nan ya fito. Waya ba ta da jan biro. Hasali ma abin da kike so shi take ƙara turo miki, shi ya sa za ki ga mace ta kalli bidiyo 10 a kan magunguna ta fara haɗa wa maƙwabta, ba ta san wanne ke taɓa ƙoda ba, ba ta san wanne ke zubar da ciki ba.

Wata za ta ce, to ai iyayenmu da kakanninmu ba su je jami'a ba, kuma sun yi ilimi mai zurfi. Haka ne. Amma mu duba yadda suka yi shi. A makarantar zaure ba ƙararrawa, ba jarrabawa, ɗalibi yana tafiya daidai ƙarfinsa, wani ya gama littafi a wata 3, wani a shekara. Ta nan ta yi kama da koyar da kai. Sai dai ba wanda ke faɗa wa littafin da ya ga dama. A fiƙihu da Ahalari ake farawa, a je Ishmawi, a je Iziyya, a je Risala, kafin a doshi Askari. Kuma kowane layi a gaban malami ake karanta shi, ya fassara, ya gyara. 'Yanci yana nan, tsari yana nan, mai gyara yana nan.

Misalin da ya fi kusa da mu ma shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ita ma ta fuskanci irin tambayar nan tamu: ga mata a ƙauyuka, matan aure masu ƙananan yara ba za su iya barin ɗakunansu su zo Sakkwato ba, yaya za a yi ilimi ya kai gare su? Ba ta ce kowace ta ji da kanta ba. Sai ta kafa 'Yan Taru. Ta zaɓi dattawan mata masu hankali ta naɗa su jajis, kowace ta ɗora mata malafa a ka don a san an ba ta izini. Jaji ta zo da tsofaffi da 'yan mata, waɗanda tafiya ba ta yi musu wuya, su ɗauki karatu a wurinta, a cikin waƙoƙin da ta tsara don su yi sauƙin riƙewa, sannan su koma su shiga gida-gida su koyar da waɗanda ba su fita. Bayan rasuwarta 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Kin ga, uwargida, makaranta ce cikakkiya, da shugaba, da malamai masu izini, da abin da za a koyar a jere. Gini ne kawai babu.

Turawa sai daga baya suka zo kan wannan dabara da tasu sigar. A Ingila an kafa jami'ar karatu daga gida a 1969, ta fara ɗaukar ɗalibai a 1971, kimanin mutum 25,000 a tashin farko. Ta rediyo da talabijin na BBC ake ba da darasi, littattafai su zo ta gidan waya. Amma ba su tsaya nan ba: kowane ɗalibi yana da malamin da zai aika wa aikinsa, ya duba ya dawo masa da shi, da ranar da dole aikin ya isa, da jarrabawa a ƙarshe. Mu ma a nan Nijeriya an kafa irinta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai wajen 2002 zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita. Ita ce ake kira NOUN. Tana da cibiyoyin karatu a jihohi, har ɗan Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Karatun a gida ake yi, amma kada in rufe ki: akwai kuɗin da ake biya, sai kina da sakamakon sakandare mai kyau har da Turanci da lissafi, sai kin iya taɓa kwamfuta, kuma lokacin jarrabawa dole ki fita zuwa cibiya. Wannan fitar tun farko za a yi maganarta da maigida, ba ranar da ta zo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To yanzu bari in amsa wa mai wasiƙarmu, kuma amsar tawa biyu ce, don ke da 'yarki ba abu ɗaya kuke nema ba.

Ita yarinya, abin da ta zaɓa ba ya koyuwa a waya, ko da wayar ta zinariya ce. Aikin jinya da ungozoma aikin rai ne. Sai an tsaya a gefen gadon mara lafiya, babba tana kallon hannunki, an ga kin iya neman jijiya, an ga kin gane jinin da ya wuce ƙima bayan haihuwa, sannan hukumar da ke kula da aikin ta yi miki jarrabawa ta ba ki lasisi. Ba wannan lasisin, ba asibitin kirki da zai bar ki ki taɓa mutum. A nan maganar Malam ba ta hau ba. Kuma in za ki koma masa, 'yar'uwa, kada ki je da gardama a kan ƙanensa mai adaidaita sahu. Ki nemi lokacin da ransa ke sanyi, ki tuna masa ranar da kuka je asibiti haihuwa, aka rasa mace, namiji ne ya duba ki, da yadda abin ya tsaya masa a rai. Duk mazajenmu suna son mace ce za ta duba iyalinsu. To 'yar wa za ta je ta koyo? In jami'ar ce ke ba shi tsoro, akwai kwalejojin koyon jinya da ungozoma na jihohi, a duba mafi kusa, wadda za ta riƙa zuwa daga gida ko daga gidan 'yan'uwa. A sa kawunta ko wani dattijon da yake jin nauyinsa a cikin maganar. Tsoronsa a kan tarbiyyarta ba abin raini ba ne, a ba shi amsarsa.

Ke kuma uwa, da kika ɓoye taki buƙatar a layin ƙarshe, taki ce ta fi tsaya mini. In takardar shaida kike so, matakinki na farko ba jami'a ba ne, kammala sakandare ne. Akwai azuzuwan ilimin manya, a Kano hukumarsu tun 1980 take, sauran jihohi ma suna da nasu, kuma WAEC da NECO duk suna shirya jarrabawa ta musamman ga waɗanda ba sa cikin makaranta. Daga nan ƙofar NOUN take buɗewa. In kuma ilimin kawai kike so, ba takarda ba, to wayar da Malam ya yi alkawari ki karɓe ta hannu biyu, amma ki aro wa kanki abubuwan can da suka sa karatu yake zama. Ki yanke lokaci guda, misali tsakanin Azahar da La'asar in gida ya yi shiru, ko da rabin awa ne, yara su san wannan lokacin na Umma ne. Ki kama abu ɗaya, littafi ɗaya, ki fara daga shafin farko, kada ki tsallake inda ya yi miki tauri. Sannan ki nemi wadda za ki riƙa kai wa aikinki duk mako, ta duba ta gaya miki gaskiya. Kina ma da ita a cikin ɗakinki: 'yar nan taki mai kyakkyawan sakamako. Littattafanta na ƙaramar sakandare suna nan a akwati, daga inda aka tsayar da ke za ku ɗora. Kada ki ji nauyin zama gaban 'yar da kika haifa. Ke kika koya mata riƙe cokali. In kina da abokiyar zama ko maƙwabciyar da kuke shiri, ku zama biyu, domin ranar da kasala ta kama ɗaya, ɗayar za ta leƙo ta katanga ta ce yau ba karatu ne?

Lokaci ya ƙwace mana. Ina roƙon duk wadda ta taɓa komawa karatu daga ɗakin aurenta, ko ta kai ƙarshe ko ta tsaya a hanya, ta rubuto mana ta faɗi abin da ya riƙe ta da abin da ya kayar da ita, musamman ma waɗanda suka tsaya, don su ba a cika jin bakinsu ba. Za mu karanta a shiri na gaba ba tare da ambaton suna ba. Mai wasiƙarmu kuma, ki sanar da mu yadda kuka ƙare da Malam.

A nan za mu dasa aya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gai da yara, a gai da maigida. Wassalamu alaikum warahmatullah.